Fasali a Kan Halayen Magina Manhaja

Sa'ad da malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki ran 14 ga Fabrairu, 2022, wanda bai ƙare ba sai tsakiyar Oktoba, ɗaliban Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suka komo gida da akwatunansu. Kuma da yake wata takwas ya fi ƙarfin kallon ƙwallo da hirar majalisa, sai wasu daga cikinmu 'yan jami'a ɗaya suka ƙulla niyyar gina manhajar zumunta ta ɗalibai, inda mai neman ɗaki zai gamu da abokin haya, mai takardun darasi ya agaji wanda barci ya sace a aji, matafiyi kuma ya san motar da ta kusa cika. A Kwanar Ɗangora muke haɗuwa, inda hanyar Jos ta rabu da ta Zariya, domin kada wani ya ce an fifita garin wani.

Wanda ya cancanci a fara da shi, domin ko ba a fara da shi ba zai fara da kansa, shi ne Shugaba. Ba wanda ya zaɓe shi, illa dai shi ya fara furta maganar a teburin mai shayi, kuma a mazhabarsa furuci ya isa hujjar mallaka. Ya haddace tarihin Mark Zuckerberg hadda mai kyau, tun daga ɗakin kwanan ɗalibai na Harvard a 2004 har zuwa ziyararsa Legas a 2016, yana kawo shi da isnadi kamar ya ji daga bakin mai shi, ko da yake kullum yakan tsallake wurin da ya kamata a ambata cewa mutumin da hannunsa ya rubuta manhajarsa, kuma wuta ba ta ɗauke masa ba. Tun ba a rubuta layi guda ba ya buga kati mai sunansa da muƙaminsa, ya raba hannun jari: kashi 40 nasa, saura a yi adalci. In aka ce masa, "Ranka ya daɗe, ana bukatar dala 25 ta rajista a Play Store," sai ya dubi sama da natsuwar wanda aka yi wa ƙaramar tambaya, ya ce shi manufa yake dubawa, furu'a na ƙananan ma'aikata ne. Ya sha yi mana barazanar barin karatu irin ta manyan attajiran Amurka, har ran da mahaifinsa ya ji labari; daga nan aka shafe wannan babi.

A gefensa akwai Gwani, shi kaɗai ya san inda aka dosa, siriri, mai jan ido, wanda rabin rayuwarsa ta ƙare a shagon mai cajin waya yana gadin tsohuwar kwamfutar da batirinta ya riga mu gidan gaskiya. Ba ya musu. Kome aka ce ya ƙara, sai ya ce, "Mai yiwuwa ne," ya ci gaba da abin da yake yi.

Mai Zane ya sauya launin shafin farko daga kore zuwa shuɗi, ya komo kore. Mai Shakka yana zuwa kowane zama domin ya tunatar da mu cewa WhatsApp ya wadatar, kuma a WhatsApp ɗin ake gayyatarsa. Ustaz ya kawo mas'alar cuɗanyar maza da mata, aka yi muhawara har la'asar, aka yi ittifaƙi a kan hijabi tsakanin shafuka biyu, sa'an nan ya zama na farko da ya tambaya ko za a sa gurbin masu neman aure. Su kuwa 'yan kishin gari, su suka hana jaririyar manhajar samun suna: na Bebeji suka ce Tiga, tun da ruwanta ke shayar da gonakin Kadawa; na Doguwa suka ce Falgore ko a fasa; na Kiru suka ce ai a ƙasarsu ake zaman.

Duk waɗannan na yafe musu, har ina kewarsu. Wanda ban yafe wa ba shi ne mai neman a buɗe shafin da kowa zai yi rubutu ba suna, wai don a ja jama'a. Ya san sarai abin da za a rubuta, domin a wayarsa akwai hotunan 'yan mata da ya ɗauka ba izini, yana jiran rumfar da zai baje su. Yarinyar da ta fito daga Riruwai, wadda sai da kawunta da limamin unguwa suka yi ta sintiri kafin mahaifinta ya yarda ta tafi jami'a, layi ɗaya na ƙazafi ya isa ya komo da ita gida, shi kuwa annamimin yana kwance yana ƙirga masu dariya. Ran nan ne kaɗai na ji Gwani ya ce, "Ba mai yiwuwa ba ne," ya rufe kwamfutarsa.

Saura Magatakarda, wanda ba ya rubuta manhaja, ba ya zane, amma yana rubuta rahoton kowane zama da dogayen jimloli masu ƙawa, yana kuma karɓar kasonsa na kuɗin data da sunan bincike. Mutum ne mai mutunci, kuma ba zan tsawaita a kansa ba, domin littafin rahoton yana hannuna har yanzu, kuma a shafinsa na ƙarshe an rubuta cewa an ɗage batun suna zuwa zama na gaba, in Allah ya kai mu.