Rabe-raben Masu Yaƙi da Zafin Inji

Injin mota mai ƙona fetur, komai tsadarsa da kyan ƙirarsa, ba ya mayar da man da yake sha zuwa gudu sai kimanin kashi ɗaya cikin uku. Kashi na biyu yana bin hayaƙi ya fice ta salansa, na ukun kuwa yana maƙalewa a jikin ƙarfe a matsayin zafi, kuma wajibi ne a kwashe shi kafin ya lanƙwasa kan silinda. Aikin kwashewar ya rataya a wuyan ruwa, wanda famfo yake zagayawa da shi ta hanyoyin da aka huda a jikin inji zuwa lagireto, wato akwatin siraran bututu da ke gaban mota, inda iska take ratsawa ta ɗauke zafin. Tsarin ya samu siffarsa tun 1901, lokacin da Wilhelm Maybach ya ɗora wa Mercedes ta farko lagireto mai ƙananan ramuka, kuma har yau ƙa'idar ba ta sauya ba: ruwa ɗan aike ne kawai, iska ce mai sanyayawa. Duk wanda ya ƙara wa injinsa ƙarfi ya ƙara masa zafi daidai gwargwado, kuma idan hakan ta faru a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin rana yake haura digiri 40, to iskar da ake dogaro da ita ma ba ta iso da wani sanyin kirki ba. Masu motocin gudu da suka faɗa wannan larura, musamman masu tsofaffin BMW da Mercedes da Lexus 'yan Kwatano, sun rarrabu gida-gida, kuma ba irin mota ce ta raba su ba, sashen da kowanne ya ɗora wa laifi ko ya ɗora wa buri ne.

Gida mafi yawan jama'a kuma mafi tsufan tarihi shi ne na masu cire tamostat. Tamostat wata 'yar ƙofa ce mai ɗauke da kakin da ke kumbura idan ya ji zafi, tana rufe hanyar lagireto sa'ad da inji yake da sanyi, sannan ta buɗe idan ruwa ya kai wajen digiri 82 zuwa 92, ya danganta da irin injin. Ɗan wannan gida ya gaji wata fatawa daga bakanikensa, shi ma bakaniken ya gada daga ubangidansa, cewa “ai Oga wannan na ƙasar sanyi ne”, saboda haka da zarar mota ta shigo sai a zare shi a jefa a kwandon tsofaffin notuna, a kuma karɓi kuɗin aiki. Ba ya damun mai fatawar cewa motocin da ake sayarwa a Dubai da Riyad suna ɗauke da tamostat ɗinsu, ko kuma cewa kamfanoni suna kai sababbin motoci gwaji a Death Valley ta Kalifoniya, wurin da aka auna zafi digiri 56.7 a 1913. Abin da cirewar take haifarwa shi ne inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, musamman da sanyin safiyar hunturu, kwamfutar mota ta ci gaba da ɗura fetur a kan zaton har yanzu ana ɗumama inji, man da bai ƙone ba kuma ya riƙa wanke baƙin mai daga bangon silinda. Mafi ban dariya shi ne a injuna da dama tamostat yana da faifai na biyu mai toshe wata gajeruwar hanya da ke mayar da ruwa cikin inji ba tare da ya bi ta lagireto ba, ta yadda cire shi yakan bar wani kaso na ruwan yana kewaya a inda ake son ya bari. Mai motar kan koma gareji bayan 'yan makonni yana kukan shan mai, sai a ce masa matsalar fulogi ce.

Ɗan'uwansa na jini shi ne mai haɗa fanka dairek, wato wanda ya sa riwaya ya tsallake na'urar da ke kunna fanka idan zafi ya kai, ya ɗaura ta kai tsaye da makulli. Ana gane motarsa da kunne kafin a gan ta da ido, kuma ainihin abin da ya lalace, wanda sau da yawa bai wuce rile ko fis ba, yana nan yadda yake har ranar da fankar za ta gaji ta tsaya a tsakiyar cunkoson Kwanar Dawaki.

Sai kuma attajirin cikinsu, mai dabul sel, wanda ya yi imani cewa kauri shi ne magani. Sel a bakin makanikai yana nufin jeri ɗaya na bututun lagireto, shi kuwa wannan bawan Allah ba ya kwana lafiya sai ya zagaya Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja ya samo mai jeri biyu ko uku, zai fi so ma na alminiyam zalla mai ƙyalli, wanda zai iya buɗe bonet ya nuna wa abokai. A gaskiya ba a kan ɓata yake gaba ɗaya ba, domin lagireton alminiyam mai faffaɗan bututu ya fi tsoho mai tankin roba juriya, kuma shi ne gyaran da ya fi dacewa da injin da aka ƙara wa ƙarfi. Inda lissafinsa ya karkace shi ne jeri na biyu yana karɓar iskar da jeri na farko ya riga ya ɗumama, kuma duk ƙarin kauri ƙarin wahala ne ga iskar da za ta ratsa. Da yake sabon lagireton ya cinye wuri, abu na farko da bakanike yake sadaukarwa shi ne rigar fanka, wato robar nan da ke kewaye da fanka tana tilasta mata zuƙo iska ta dukkan fuskar lagireto, ba ta gefe ba. Da an yar da ita, fanka sai ta koma kaɗa iskar cikin bonet, kuma motar da a da take ɗaukar zafi a kan babbar hanya kaɗai sai ta koyi ɗauka har a wurin jiran danja. Idan kuma mai gidan ya ƙara turbo, na'urar da hayaƙi ke juyawa don ta cusa wa inji ƙarin iska, to zai jera wa turbon nasa ƙaramin lagireto a gaba, bayansa na eyasi, sannan na ruwa a can ƙurya yana jiran ragowar iskar da biyun suka gama gasawa.

Batun abin da ake zubawa ciki ya raba wasu gidaje biyu da ba sa ga maciji. Mai ruwan leda yana ganin sayen kulan, wato ruwan sanyaya inji mai sinadarin gilaikol, almubazzaranci ne, tunda ba a taɓa jin ƙanƙara ta daskarar da lagireto a Gusau ba. Abin mamaki, kimiyya ta ba shi rabin gaskiya, domin tsantsar ruwa ya fi gaurayen gilaikol iya ɗaukar zafi, kuma filayen tsere da yawa suna hana gilaikol saboda santsinsa idan ya zube a kan kwalta. Rabin da ta hana shi shi ne ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da ma'adinan da ke daskarewa su toshe bututu, ga tsatsa mai cin famfo, abin da kulan yake da magungunan hanawa. Kishiyarsa, mai bin kala, ya yarda da kulan amma launi kaɗai ya sani, yau kore gobe ja, har ya gauraya nau'o'in da sinadaransu ba sa jituwa, ya wayi gari da wani kauri-kauri a bakin tanki. Hanyar tsakiya, wato tataccen ruwa marar ma'adini a gauraya da irin kulan da kamfani ya ayyana, ba ta da magoya baya sosai, wataƙila saboda babu abin gardama a cikinta.

Mai sauya murfi ya fi sauran karatu, kuma karatun ne ya jawo masa. Ya san cewa ruwa yana tafasa a digiri 100, amma idan aka matse shi a rufaffen tsari sai mizanin ya hau, ta yadda murfi mai riƙe matsin bar 1.1 yakan kai shi wajen digiri 120. Daga nan ya yanke hukuncin cewa murfi mafi ƙarfi sanyi ne mafi yawa, alhali murfin bai rage ko digiri ɗaya ba, jinkirta tafasa kawai ya yi, matsin kuma ya tafi neman wuri mafi rauni. A BMW E46, wadda aka ƙera daga 1998 zuwa 2006 kuma murfinta tun daga kamfani bar 2 ne, wurin nan sananne ne: tankin roba da ke gefen lagireto, wanda shekaru da zafi suka busar, yakan tsage daga sama har ƙasa ba tare da sallama ba.

Ɗan wasan mota, mai jujjuya ta a fili ranar biki har tayoyi su yi hayaƙi, shi ne ya fi kowa buƙatar gyara kuma ya fi kowa ƙin sauraro. Yanayin wasansa shi ne mafi muni da za a iya ƙirƙira wa lagireto, domin inji yana kuka a ƙololuwar juyawarsa, motar kuwa da gefe take tafiya kuma ba da wani gudu ba, saboda haka iskar da ya kamata ta shiga ta hanci tana wucewa ta ƙofa. Ƙwararrun wannan wasa a Japan da Amurka sukan ƙara wa baƙin mai nasa lagireton, wasu ma su mayar da na ruwa bayan mota su haɗa shi da manyan fankoki. Na gida kuwa kuɗinsa ya ƙare a kan rim da salansa mai ƙara, kuma tsarin sanyayawarsa shi ne yara biyu da bokiti, waɗanda ke watsa wa gaban mota ruwa tsakanin zagaye da zagaye.

Akwai wasu ƙananan gidaje da ba su kai a tsaya a kansu ba sai a gurguje. Mai kallon allura ba ya ɗauke ido daga agogon zafi, bai kuwa san cewa a motoci irin E46 an tsara allurar ta tsaya cak a tsakiya daga wajen digiri 75 har sama da 110 ba, ta yadda duk ranar da ta motsa labari ya riga ya yi nisa. Mai kunna hita ya gano, kuma da gaskiyarsa, cewa hitar cikin mota ƙaramin lagireto ce mai iya rage wa inji kaya, don haka akan gan shi da tsakar rana a hanyar Zariya, gilasai a sauke, jiƙe sharkaf da gumi, yana ceton inji da jikinsa. Mai tsafta kuma yakan sa yaron wankin mota ya danna wa lagireto ruwa mai ƙarfi ta gaba, ya kwantar da siraran fukafukan alminiyam ya kuma ƙara cusa ƙurar hunturu ciki, alhali ta baya ake wankewa, a hankali.

Da zarar tururi ya tashi a bakin hanya sai majalisar masu ba da shawara ta haɗu, ba wanda ya gayyace ta. Wani zai ce a fasa ɗanyen ƙwai a zuba ya toshe yoyo, wani ya ce garin Omo, wani dattijo ya ce, “Alhaji, a kwara masa ruwan sanyi kawai,” wanda shi ne gajeruwar hanyar tsaga kan silinda mai zafi. A cikinsu ba a rasa jarumi mai naɗe tsumma a hannu ya nufi murfi, ba tare da sanin cewa ruwan da ke ƙarƙashin matsi ya wuce digiri 100, kuma da an saki matsin zai tashi gaba ɗaya zuwa fuskarsa. Ledar da ta manne a ragar gaba ta rufe rabin hanyar iska kuwa, sai yaron da ke tallan gyaɗa ne yakan lura da ita.

Mafi yawan waɗannan gidaje suna haɗuwa daga bisani a gida guda, na mai sayarwa. Shi ne wanda tof gasket ɗinsa, wato shimfiɗar da ke raba ruwa da wuta da baƙin mai tsakanin kan silinda da gangar inji, ta riga ta ƙone, salansa tana fitar da farin hayaƙi da safe, baƙin mai ya koma launin shayi da madara. Yakan sa a juye man a zuba sabo, a wanke inji fes, ya kira dillali da sassafe kafin rana ta ɗaga, ya kuma nace cewa gwajin tuƙi kada ya wuce ƙarshen layi saboda yana da uzuri. Idan mai saye ya tambayi batun zafi, sai ya dafa ƙirji ya ce, “Ranka ya daɗe, ai an cire tamostat, ga dabul sel, fanka ma dairek take,” idan kuma aka buɗe but aka ga jarkoki biyu cike da ruwa, sai ya bayyana cewa na alwala ne.