Duniyar da Aka Raɗa wa Suna Ba a Haife Ta ba

A ƙasar Faransa an yi wani gwanin lissafin falaki, Urbain Le Verrier. Da ya ga duniyar Yuranus tana kauce wa hanyarta, ya ce ruwa ba ya tsami banza, akwai mai janta daga ɓoye. Ya yi lissafi, ya aika wa Johann Galle wasiƙa a Balin ya ce ya duba wuri kaza. A daren 23 ga Satumba, 1846, Galle ya saita madubin hangen nesa, sai ga Neftun. Sunan Le Verrier ya zaga Turai.

A 1859 ya lura cewa duniyar Makyuri ma tafiyarta ba ta bin lissafi daidai. Sai ya sake ɗauko maganin jiya: lalle akwai wata duniya laɓe a gindin rana. Wani likitan ƙauye, Lescarbault, ya ce ai shi ya ga ɗigon baƙi yana ratsa fuskar rana. Le Verrier ya je har gidansa, ya yi masa tambayoyi, ya gamsu. Aka raɗa mata suna Bolkan, aka ba likita lambar yabo.

Shekara da shekaru, duk husufin rana sai masana su kwashi kaya su bi sawunta, su dawo hannu rabbana. Le Verrier ya rasu a 1877 yana nan kan bakansa. Sai a 1915 Einstein ya warware ƙullin: babu wata Bolkan. Giɓin yana cikin ka'idar Newton, wadda kowa ke awo da ita.

Masana sun ɗauki darasi. Masanan falaki Brown da Batygin, da suka kawo hasashen wata ɓoyayyiyar Duniya ta Tara a 2016, hujjar lissafi suka gabatar, ba su ce sun gan ta ba. In ma tana nan, zagayen rana ɗaya zai ci mata dubban shekaru.

Ina tuna Bolkan duk sa'ad da na ji mai gida ya kira 'ya'yansa yana ƙirga maƙiyan ɓoye da suka karya masa jari, alhali littafin bashin shagonsa ya shekara a rufe, ƙura ta lulluɓe shi. Tausayinsa nake ji, domin yaran nan za su tashi suna zargin maƙwabtan da ba su ci ba, ba su sha ba. Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba.