Yadda Za Ka Zaɓi Makiyayin Haruffa Kafin Ka Zagi Surukai

Duk wanda ya taɓa kai katin ɗaurin aure wurin bugawa a unguwar Ajame ya san ciwon, ba sai na tsaya gabatarwa ba. Ni makon jiya nawa ya same ni. Na zauna a ɗakina a Tireshbil, na tsara katin 'yar yayata da wani salon rubutu mai lanƙwasa kamar zanen lalle, na haye gada na kai shago. A kwamfutarsu, duk inda ƙ ko ɗ take sai ɗan akwati fanko ya tsaya. Yaron shagon, don tsabar taimako, ya goge akwatunan ya cusa k da d. Abin da dangi suka karanta shi ne: "Za a Daura aure, muna gayyatar manyan baki." Kawu ya bugo daga Maraɗi yana tambayar ko Katsina aka mai da bikin. Surukai kuwa har yau suna son sanin wa ake nufi a cikinsu.

Na ɗaya: koyi sunan abin. Da na koma ina kumfar baki, yaron ya ce, "Alhaji, laifin polis ne." Gabana ya faɗi, na fara laluben takarduna. Ashe da Faransanci salon rubutu ma polis sunansa. Wannan ya fi na bakin titi taurin kai, ba ya jin "yi haƙuri".

Na biyu: kada yawa ya ruɗe ka. A kasuwar Black Market wani zai zuba maka salo 3,000 a filasha, har da mai ɗigar jini, ya ce gyara ce. Ka loda su duka, kwamfutarka ta koma motar haya ta gbaka a cunkoson yamma. Nan ake neman manhajar da za ta yi maka kiwo, ta saki wanda kake buƙata ta ɗaure sauran a turke. FontBase kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux. NexusFont ma kyauta ce, amma ta Windows kaɗai. Mai Mac yana da Font Book tun daga kwali, sai ya rage mana yanga.

Na uku, ko na huɗu ne: kowace ka ɗauka, nemi gurbin gwaji ka rubuta ƙ ɗ ɓ ƴ da manyansu. Salon da ya nuna akwati, ka sallame shi. Ka kuma ƙura ido, domin kwamfuta takan aro harafin daga wani salon a ɓoye, ka ga ƙ tsakanin 'yan'uwanta kamar mai babbar riga da takalmin ƙwallo.

Akwatunan nan, wai a can waje tofu ake ce musu, wato awara. Awara! Na biya kuɗi aka soya mini awara a katin aure, ko yaji babu. Google har ya yi dangin salo mai suna Noto, ma'anarsa babu awara. Charis da Andika na ƙungiyar SIL su ma suna da haruffanmu, kyauta.

To amma don Allah ku dubi madannan kwamfutocin garin nan. Akwai maɓalli musamman na ù, harafin da Faransanci ke amfani da shi a kalma ɗaya tak. Mu da ba ma iya cewa ƙasa ko ɗa ko ɓarawo sai da ƙugiya, ko lungu ba a ba mu ba. Tun farkon shekarun 1990 tsarin Unicode ya yanka wa haruffan nan lamba. Shekara talatin da ɗoriya, an sami lokacin zana fuska mai dariya da hawaye, mu kuwa sai mun shiga intanet mun kwafo ƙ kamar masu aron gishiri a maƙwabta. Wannan ba raha nake yi ba.

Shawara ta nawa muke? Oho. Mai da aikinka PDF kafin ka fita, salon ya tafi a ƙulle cikinsa, kuma kada ka bari yaron ya taimake ka.

Ni dai in Allah ya kawo suna, Anyama zan nufa in sayo huhun goro. Goro bai taɓa ce wa suruki mai babban baki ba.