Ɗakin Jariri, Ba a Shawarci Mai Ɗaki Ba

Wani sabon salo ya shigo Zuru ta wayar hannu. Matasan ma'aurata na ganin hotunan ɗakin jarirai a Facebook, sai su ware ɗaki guda. Shuɗin fenti idan namiji ake sa rai, ruwan hoda idan mace. A manna hoton giwa da zomo a bango, kafinta ya ƙera gado mai shinge, a rataya 'yar fitila mai juyi da ke jiran a kawo wuta.

Shi kuwa sabon haihuwa, ganinsa bai wuce fuskar uwa lokacin shan nono ba, launuka ma sai bayan watanni yake rarrabe su da kyau. Masaukinsa biyu: gadon bayan uwa cikin zanin goyo da rana, gefenta cikin gidan sauro da dare. Kaka ta zo wankan jego, ta leƙa ta riƙe haɓa: "Wannan kejin fa? Laifin me jikana ya yi?"

Kafin a yi arba'in, gadon ya cika da wankakkun kaya, robar wanka da sabulun barka. Zafin Afrilu na shigowa, kowa ya kwashi tabarma sai tsakar gida.

A ƙasar da samarin Dakarkari suka yi shekaru suna noman golmo kafin a ba su mata, haƙurin shekara biyu ba komai ba ne. Yaro na fara tafiya zai samo gawayi a madafa, ya zane bangon yadda ransa ke so, ko sisi bai caji kowa ba.