Hutun Korona Ya Tona Halinmu a Ɗanbatta

Mu dai a Ɗanbatta, in kana son jin ra'ayin mutum a kan rufe makarantu saboda annoba, kada ka ɓata lokaci kana tambayarsa abin da ya sani game da cutar. Tambaye shi sana'arsa, da yawan 'ya'yansa, da watan da ake ciki. Mai gona uku da samari huɗu, bakinsa daban ne a watan Yuni, daban a watan Janairu. Malamin da albashinsa ke faɗowa ta banki daban, wanda ke jiran kuɗin makaranta daga hannun iyaye daban. Matan gida kuwa, da yaran ke wuni a kansu, ba a cika neman jin ta bakinsu ba, amma in suka fara sai an haɗa da ban haƙuri.

Ba a kan korona muka fara ba. A 2014, da Ebola ta shigo Legas, ministan ilimi na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya sanar cewa kada a koma makaranta sai 13 ga Oktoba. Daga baya aka dawo da ranar zuwa 22 ga Satumba, ƙungiyar malamai ta ƙasa kuma ta ce ita fa ba ta yarda ba sai an tanadi kayan kariya. Cutar ba ta ko leƙo Kano ba. Abin da muka riƙe na wannan shekara shi ne wankan gishiri: wayoyi suka yi ta ƙara da tsakar dare, ɗan uwa na tashin ɗan uwa, a ɗora ruwa a zuba gishiri a yi wanka kafin asuba. Wasu har da kurɓa. Yau in ka tambaya, kowa zai ce maka shi bai yi ba, maƙwabcinsa ne ya yi. Ƙarin hutun kuwa bai dami kowa ba, don ya faɗo daidai lokacin girbin gero.

Ta 2020 ce ta tona mu. Ranar Litinin 23 ga Maris aka rufe makarantu a jihar Kano, alhali ba a tabbatar da mutum na farko mai cutar a jihar ba sai 11 ga Afrilu. A majalisu aka yi ta shaƙiyanci: ciwon masu hawa jirgi ne, na 'yan Abuja, zafin Ɗanbatta na bazara ai ba ƙwayar cutar da za ta jure shi. Yara suka dawo gida da tsalle, mu ma muka ɗauka abin na mako biyu ne ko uku. Sai ga dokar kulle, sai ga azumi, sai ga labarin mace-mace daga birni, masu haƙar kabari suna cewa aiki ya fi ƙarfinsu. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomin cikin birni a wannan ɗan tsakani, kuma rabi ko fiye na da alaƙa da cutar. Nan fa majalisa ta yi tsit. Har mai rantsuwa cewa babu korona, in ɗansa ya ce zai shiga Kano, sai ka ji ya ce, “Bari dai tukuna a ga yadda hali zai yi.”

Tsoron bai daɗe ba, don ruwa ya sauka. Daga Ajumawa zuwa Fagwalawa, daga Kore zuwa Sansan, magidanta suka samu abin da ba su taɓa samu ba tun da aka kawo boko: damina guda cur, daga shuka har girbi, da 'ya'yansu a hannu tun asuba. Ba jiran a tashi daga makaranta, ba neman 'yan ƙwadago. Wandon makaranta ya koma wandon noma, jakar littattafai ta koma ta zuba iri. Littafin lissafin kuwa, in ka sayi ƙosai a bakin tasha, kana iya cin karo da shafinsa, ga makin malam da jan biro yana shan mai.

A teburin mai shayi na ji wani dattijo yana ba wani malamin firamare shawara.

“Malam, ni fa a ganina gwamnati kada ta yi gaggawa. Rai ya fi karatu. A bari sai cutar nan ta wuce gaba ɗaya.”

“To Baba, yaushe kake ganin za ta wuce?”

“Wallahi in an kai bayan an cire gyaɗa, ina jin ta yi sauƙi.”

Kowa ya fashe da dariya, har shi mai maganar. Amma da za a bi mu ɗaya bayan ɗaya, da yawanmu lissafin da ke ranmu ke nan.

A cikin gida labarin ya sha bamban. Yaron da ke fita da safe ya dawo da azahar, yanzu ga shi a gindin murhu tun ana hura wuta. Ƙananan da ke samun ɗan abinci a makaranta, 'yan aji ɗaya zuwa uku, sun dawo kan tukunyar gida, kuma a shekarar da kayan masarufi suka yi tsada. Ta kan katanga za ka ji ana kai ƙara: “Yaya, wai yaushe za a buɗe makarantar nan ne? Tuwon da ke kwana har a yi ɗumame, yanzu ko magariba ba ya kaiwa.” Ita kuma ta amsa, “Ke dai bari. Ashe malaman nan haƙuri gare su. Ni biyar sun hana ni sakat, su kuma fa da ke fama da aji guda?” Wannan ce shekarar da malamin firamare ya samu yabo mafi yawa a garin nan, sai dai bai ji ba, don a bayan idonsa aka yi.

Ba duka abin dariya ba ne. Yarinyar da ke aji biyu na babbar sakandare, da zama ya yi tsawo, sai aka ɗora mata farantin talla. Da tallan ya yi tsawo, sai masu zuwa zance suka yawaita, sai baffanni suka fara cewa zaman me take yi. Babu unguwar da ba ta san irin wannan ba. Aure alheri ne, ba mai musu, amma a cikin waɗanda aka ɗaura wa a wannan hutu akwai masu burin shiga makarantar ungozoma da ke nan garinmu, kuma mu ne gobe za mu kai matanmu asibiti mu ce lallai sai mace ce za ta duba su.

Gwamnati ta ce yara su bi darasi ta rediyo da talabijin, 'yan birni kuma ana ta maganar karatu ta intanet. Muka ce madalla, tunda ma shugaban hukumar sadarwa ta ƙasa a lokacin, Farfesa Umar Garba Ɗanbatta, sunan garinmu yake ɗauke da shi. Sai dai wayar gidan guda ce, tana aljihun maigida, cajinta a shago ake biya, kuma kuɗin data bai kai kuɗin taki muhimmanci ba. Rediyon ma tana rataye a kafaɗar maigida a gona, yana jin labaran duniya da shirin siyasa. In lokacin darasi ya yi, sai ya murɗa tasha, ya ce a rage wa batir aiki.

Malaman su ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Na gwamnati, da yake wata na ƙarewa ana jin ƙarar waya, sun fi kowa iya bayanin haɗarin cunkoso, kuma gaskiya suka faɗa: ajin da yara ke zaune gwiwa na gugar gwiwa, wace tazara za a bayar a cikinsa? Makarantar da babu rijiya balle famfo, da wane ruwa za a wanke hannu? Sai dai wasunsu sun faɗi gaskiyar ne daga kan babur, a hanyarsu ta zuwa gona. Na makarantun kuɗi su ne suka ji jiki. Ba ɗalibi, ba kuɗin makaranta, ba albashi. Wani ya koma acaɓa, wani ya kasa kayan miya, wani ya bi masu aikin gini, kuma ba duka suka dawo aji ba. Su kam tun watan Mayu suke cewa a buɗe, ko da rabi-rabi ne.

Malaman allo kuwa nasu ya haɗa da ɓacin rai. A watan Afrilu gwamnonin Arewa suka shiga mayar da almajirai jihohinsu na asali, aka yi ta loda yara a motoci ana tsallaka iyaka da su. Mu da Kazaure ke nan kusa da mu, wanda ya fito daga can a takarda ɗan wata jiha ne, a wurinmu kuwa ɗan gida ne. Amma karatun yaran unguwa a zaure bai mutu ba. Aka rage murya, aka sakaya ƙofa, allo bai bushe ba. Uban da bai taɓa tambayar yaushe za a koma boko ba, in ɗansa ya yi fashin zaure sau biyu sai ya ɗauko bulala. Wannan ya nuna mun san yadda ake riƙe karatu in mun ɗauke shi da daraja.

Abin da ya fi ba ni mamaki da mu shi ne jerin yadda abubuwa suka dawo. Tun kafin ƙaramar Sallah aka bar mutane su yi Juma'a da Idi. A farkon Yuli aka ɗage dokar kulle a Kano. Kafin babbar Sallah, wadda ta kama 31 ga Yuli, kasuwarmu ta Lahadi ta cika ta batse: dillalai na tafawa da masu saye, ana cinikin rago kafaɗa da kafaɗa, takunkumin ma in akwai shi yana ƙarƙashin haɓa. Biki ya dawo, suna ya dawo, gidan kallon ƙwallo ya dawo. Makaranta kaɗai ce ƙofarta ke garƙame, awaki na kwana a barandarta. Da a ce kasuwar aka rufe wata bakwai, da wakilanmu sun kai kuka har gidan gwamnati. Ta makaranta kuwa, sai masu 'ya'ya a ajin ƙarshe ne suka tayar da hankali, musamman da ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya nuna ba za a zauna jarrabawar WAEC a shekarar ba, kafin a sasanta a fara ta ranar 17 ga Agusta.

Sai 12 ga Oktoba sauran yara suka fara komawa, aka raba wa azuzuwan firamare ranakun zuwa don rage cunkoso. Aka ajiye bokiti da sabulu a bakin ƙofa, mako na farko har da layi. Malamai suka tarar da aiki sabo: wanda ya iya haɗa baƙi a watan Maris ya koma yana kallon allo kamar bai taɓa ganinsa ba, wasu kujerun kuma masu su ba su dawo ba sam. Mu iyaye, da sakamako ya fito ba daɗi, muka koma majalisa muna cewa malaman yanzu ba sa koyarwa. Kafin a gama farfaɗowa, a tsakiyar Disamba aka sake rufewa, sai Janairun 2021.

Ba ina cewa rufewar kuskure ba ce. A watan Maris ba wanda ya san iyakar cutar, kuma wanda ya rasa nasa a birni ba zai so a mayar da maganar wasa ba. Abin da nake cewa shi ne, tsoron ciwo ya rufe makarantar, amma rashin damuwarmu ya taimaka ta daɗe a rufe. Annoba kuma ba ta yi sallama da mu ba: ga sanƙarau da ke zuwa da zafi, ga ƙyanda, ga mashaƙo da ya addabi Kano a 2023.

Don haka jama'a, in aka sake cewa yara su zauna a gida, mu bi doka, amma mu tambayi ranar komawa kamar yadda muke tambayar ranar buɗe kasuwa. Malamin unguwa ya tara yara goma a inuwar darbejiya da tazara a tsakaninsu, mu kuma mu haɗa masa ɗan abin sabulu yadda muke ba da kuɗin Laraba. A bar wa yara rediyo na awa guda. A ɗaga wa 'yan mata ƙafa su gama aji. Kuma tun yanzu da ake lafiya, ƙungiyar iyaye da malamai ta kowace makaranta ta duba maganar ruwa da banɗaki, don kada ranar da aka ce a wanke hannu a tarar babu abin wankewa.