Hawan Dutse da Goyo: Shawarwari Takwas ga Maigidan da Ya Ƙi Zaman Gida

Tun da wayar hannu ta shigo gari, wata sabuwar cuta ta kama magidanta. Mutum zai ga hoton wani a Facebook tsaye gaban magangarar ruwa, shi da matarsa da 'ya'yansa kowa na murmushi, sai ya ajiye waya ya sanar da gida cewa ranar Asabar za a fita yawon buɗe ido. Ba ya tambayar kansa kuka nawa aka sha kafin a samu wannan murmushin. Tunda hana shi ba zai yiwu ba, ga shawarwari domin a je a dawo ba a rasa kowa ba, auren ma yana nan daram.

Ta ɗaya: Fara da dutsen gida

Manyan magangarun ruwa suna nesa da mu. Gurara tana Jihar Neja, Matsirga tana kusa da Kafanchan, Assop tana Hawan Kibo a Jihar Filato, Farin Ruwa kuwa tana Wamba ta Jihar Nasarawa, inda ruwa ke faɗowa daga tsayin da ya kai kimanin mita 150. Duk wanda ya ɗebi jariri da yara uku a mota ya nufi ɗaya daga cikinsu, kafin ya ci rabin hanya zai ga magangarar ruwa a kujerar baya, kyauta.

Mu a kudancin Jigawa Allah ya hore mana duwatsu. Birnin Kudu na da Dutsen Habude da Dutsen Mesa, ƙasar Gwaram kuwa har gari gare ta mai suna Farin Dutse. Idan marka ta zauna a watan Agusta, ruwa kan gangaro ta kan falalen dutse ya bi ƙorama. Ɗan shekara huɗu bai san bambancin wannan da Gurara ba, kuma ba zai nemi a mayar masa da kuɗin mai ba.

Ta biyu: Rabon kaya

Tsarin da aka saba shi ne maigida ya ɗauki waya da makullin mota, ya shige gaba yana nuna hanya da yatsa. Uwargida tana biye, goye da jariri, jakar famfas a kafaɗa, filas a hannu, ɗan yaye kuma ya riƙe gefen zaninta tamau. Can sai maigida ya waiwayo ya ce, "Maman yara, ki ɗan ɗaga ƙafa mana." Amsar da take bayarwa a zuci ba ta buguwa a mujalla.

Ga gyara. Mai goyo ba ta ɗaukar komai sai goyo, hannayenta biyu a sake, domin in ta yi tuntuɓe ta samu abin dafawa. Kula da tabarma da buta da jaka duk na wanda ya kawo shawarar fitar ne. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Ta uku: Sha'anin goyo

Turawa suna sayar da wata jakar goyo mai igiyoyi da maɗaurai, da takardar bayanin yadda ake saka ta. Iyayenmu mata sun gama wannan bincike tuntuni da zani da majanyi. Abin lura kawai, a tamke goyon sosai kafin a fara hawa, a sake duba shi a kowane zango, a sa wa jariri hula, kuma kada a lulluɓe masa fuska da mayafi da sunan kare shi daga rana har ya rasa iskar shaƙa.

Jaririn da wuyansa bai tsaya ba, kallonsa daga gindin dutse yake, a inuwa, a cinyar uwarsa. Ba abin da zai rasa, domin barci zai yi ko a sama ko a ƙasa. Wanda bai kai wata 6 ba kuwa nono kaɗai ne abincinsa da ruwansa, ko da goggonsa ta rantse cewa ta ga ƙishi a idonsa. Ruwan a miƙa wa uwar, ita ce ke buƙata.

Ta huɗu: Sutura

Akwai masu fitowa hawan dutse cikin shadda mai sitaci da takalmin Sallah, saboda hoto. Jiƙaƙƙen dutse bai san shadda ba, gansakuka kuma ba ta ganin girman mai furfura. Wanda ya taka ta da silifas zai sauko da sauri fiye da yadda ya hau, a zaune, yara suna tafi. Kowa ya sa kambas mai kama ƙasa, yara su sa dogon wando saboda ƙaya da ƙarangiya, a riƙo musu kayan canji a leda. Babbar riga a bar ta a gida ta huta.

Ta biyar: Auta ne shugaban tafiya

Maigida zai auna hanya da ƙafarsa ya ce tafiyar minti 20 ce. Bai lissafa da cewa za a tsaya wa kowane ƙadangare ba, za a tsinci tsakuwa a cika aljihu, za a yi fitsari sau uku, sannan a yi zaman sulhu kan wanda ya fara ganin ƙadangaren. Tambayar "Baba, mun kusa?" tana farawa ne tun ana hango mota a baya. Saboda haka duk lissafin da ka yi, ninka shi uku. A fita da sanyin safiya, a sauko kafin rana ta take, domin dutse in ya ɗauki zafi ko ta cikin takalmi sai an ji. Ranar da Auta ya zauna a ƙasa ya ce ba ya gaba, to nan ne ƙarshen hanya, a shimfiɗa tabarma.

Guzuri kuma yana da tasa dokar: abincin da aka tanada don ci a saman dutse za a cinye shi kafin a fita daga gari. Ka nuna musu rabi, ka ɓoye rabi. Dabinon Dutse da gurasa da ƙuli-ƙuli da gyaɗa ba sa zubewa, ba sa lalacewa. Ruwan sha a taho da shi daga gida da yawa, haɗe da ƙullin gishiri da sukari na asibiti ko da wani cikin zai juya.

Ta shida: Darasin tarihi

A kogunan duwatsun Birnin Kudu akwai zanen shanu da magabata suka yi tun zamani mai nisa, cikinsu har da shanu marasa tozo, waɗanda ba irinsu Fulani ke kiwo a nan yau ba. Akwai kuma duwatsun kiɗa, masu amo in an ƙwanƙwasa su. Baturen nan Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya yi nazarinsu ya yi rubutu a kansu cikin shekarun 1950, yanzu kuma suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Maigida zai gyara murya ya yi wannan bayani dalla-dalla. Abu ɗaya kawai yara za su ji, wato akwai dutsen da ake bugawa kuma ba a hanawa. Ka ba su lokaci su buga, shi ne abin da za su riƙa ba da labari har shekara ta zagayo. Amma zanen ba a taɓa shi, ba a watsa masa ruwa don ya fito a hoto, ba a kuma rubuta sunan kowa da gawayi a gefensa. Ka nemi jagora ɗan gari, ka sallame shi da kyau. Ya fi ka sanin inda ake taka ƙafa, ko da wayarka na da taswira.

Ta bakwai: Nan babu wasa

Ruwan da ke gangarowa na kallo ne. Ƙorama kan cika farat ɗaya saboda ruwan da aka yi a wani gari, alhali a inda kuke rana ake yi. In ka ga ruwa ya sauya launi yana tafe da ganyaye da kirare, kwashe yara ku hau tudu nan take. In hadari ya haɗo ko aka fara cida, ku sauko, domin saman dutse da gindin doguwar bishiya ba wurin fakewa ba ne lokacin tsawa.

Kududdufi da bakin rafi kuma nan ake ɗaukar tsargiya. Ƙwayar cutar na fitowa daga katantanwar ruwa ta shiga ta fata, sai daga baya a ga yaro yana fitsarin jini. Kada a bar su wanka ko wasa a ciki. Kada kuma yaro ya zura hannu a tsagar dutse, gidan kunama ne da kububuwa. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa da igiya. A hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Cibiyar Lafiya ta Tarayya tana nan cikin Birnin Kudu.

Ta takwas: Hoto da ƙidaya

Hoton da kowa ke murmushi a lokaci guda ba ya samuwa. Ɗaya zai rufe ido, ɗaya zai juya baya, jariri zai zaɓi daidai lokacin ya yi tumbuɗi a kafaɗar shadda. Ka ɗauka haka nan, a wuri mai faɗi, nesa da bakin gangare. Kada ka ja da baya kana kallon waya don dutsen ya shiga duka, kuma kada ka ɗaga jariri sama don ya fito sosai.

Kafin a tayar da mota, a ƙirga yara da suna, ɗaya bayan ɗaya, har da ɗan maƙwabta da ya biyo ku ba da sanin uwarsa ba. A tattara ledoji da famfas a koma da su gida, dutse ba bola ba ne.

Maigida, in kun iso gida ka saya wa uwargida tsire mai zafi, ka karɓi yaran na sauran yinin ta samu ta runtsa. In ka ji wannan ya yi maka nauyi, to Asabar mai zuwa ka haƙura da yawon buɗe ido, ka kai su gidan kaka.