Zuwa Ga Taubashina, Daga Kwarin Tuffa

Merano, Italiya

Taubashina,

Daina girgiza ambulan ɗin, babu ko sisi a ciki. Lissafin kuɗin sharar da ke tsakaninmu kuwa yana nan, ƙetare teku ba ya goge bashi.

Na ji ka baza wa mutanen majalisa cewa ofis gare ni a Turai, har da kujera mai juyawa. Koma ka gyara zancenka. Gyaran keke nake yi, sana'ar mahaifinka Kawu, wadda ya koya mana a gindin darbejiya, ni ina riƙe da famfo, kai kana sharar barci a kan benci. Shagon hayar kekuna ne kusa da tashar jirgin ƙasa, kuma daga bazara zuwa kaka ko zama ba ma samu. Masu zuwa haya ba marasa kuɗin mota ba ne. Likita zai ajiye motarsa mai tsada, ya sa hular kwano da matsattsen wando, ya biya kuɗi don a ba shi abin da kai ka jingine a zaure tun ranar da ka sayi babur, wai ya zubar maka da girma a gaban surukai.

Kekunanmu wasu giya 24 gare su. Ka karanta da kyau, giyar keke na ce. Na san halinka, kada gobe in ji ka je ka gaya wa Goggonka ɗanta ya shiga harkar giya a ƙasar waje.

Kwarin da nake ciki yana can ƙuryar arewacin Italiya, cikin tsaunukan Alps, ya jingina da Ostiriya da Suwizalan. Ƙasar Ostiriya ce a da, sai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta koma hannun Italiya, shi ya sa yawancin mutanen Jamusanci suke yi a gida. Kowane gari suna biyu gare shi, kwarin kansa Vinschgau ne a bakin wasu, Val Venosta a bakin wasu. Kamar kai ke nan, da sunan da aka raɗa maka, da wanda masu bin ka bashi suke kiranka da shi.

Ranar hutuna ta makon jiya na bi hanyar keken daga sama har ƙasa, ita nake so in ba ka labari. Da sassafe na shiga jirgin ƙasa zuwa Mals, tafiyar kilomita 60. Layin ya mutu a 1990, aka farfaɗo da shi a 2005, kuma shi ya raya kasuwarmu, don mutum zai hau sama a zaune, ya karɓi keke a can, ya gangaro, ya mayar da shi a wata tashar. Daga Mals na hau bas zuwa Reschen, bakin iyakar Ostiriya, inda tudun ya kai mita 1,504. Merano kuwa ba ta wuce mita 325 ba. Tsakaninsu kilomita 80 ne, kusan duk gangara, ga iskar da ta saba busowa daga sama tana tura ka ta baya. Wallahi kai na tuna. Na ce yau ga hanyar da aka yi domin taubashina, tafiyar da ba a taka feda.

Hanyar ta keke ce, yawancinta da kwalta, an raba ta da titin mota. Babu mai tirela da zai matse ka, babu mai hon a ƙeyarka. Na ga kaka da jikokinta uku a jere kamar agwagwa da 'ya'yanta, ƙaramin cikinsu bai fi shekara biyar ba, yana ta kaɗa ƙararrawa ba gaira ba dalili. Sawun tsohuwar hanyar Rumawa ake bi, wadda Sarki Kalaudiyas ya kammala wajen shekara ta 46 miladiyya, har yau sunansa take amsawa, Via Claudia Augusta. Kogin Adige, na biyu a tsawo a Italiya, a nan Reschen yake ɓuɓɓugowa ɗan siriri, yana raka ka yana ƙara ƙiba har Merano.

Ban yi nisa ba na ja birki, kuma a nan wasa ya tsaya. Tafki ne babba, shuɗi shar, ga hasumiyar coci ta dutse tsaye a cikin ruwa ita kaɗai. A da ƙauyen Graun ne a wurin. A 1950 aka datse ruwa don samar da lantarki, aka rushe gidaje sama da 150, ruwa ya shanye gonaki, iyalai da yawa suka bar kwarin gaba ɗaya. Hasumiyar, wadda aka gina tun ƙarni na 14, ita kaɗai aka bari. Baƙi suna ta ɗaukar hoto suna dariya, ni kuwa sai na ga kamar hasumiyar Gobarau ce tsaye cikin ruwa, Katsina duk tana ƙarƙashi. Wanda ya bar gida da ƙafarsa yana da ranar komawa. Su waɗannan ko sun dawo, sai dai su tsaya a bakin ruwa su nuna wa jikoki da yatsa. Na daɗe a wurin kafin in sake hawa.

Daga nan gangarar ta yi tsanani, sai da yatsuna suka ƙage a kan birki. Itatuwan wurin duk sun karkata gefe guda saboda iska. A ƙasa sai ga Glurns, gari mai ganuwa da ƙofofi uku, mutanensa ba su kai dubu ba. Ganuwar tana nan cif, ba wanda ya ɗebi ƙasarta ya yi bulo. A dandalinsu na ci gurasar hatsin rai da cuku, na kora da ruwan tuffa. In Allah ya kawo ka, akwai wani busasshen nama da suke alfahari da shi, Speck, ja ne kamar kilishi, amma na alade ne. Na gaya maka tun da wuri don na san hannunka yana riga bakinka tambaya.

Abin da zan so ka karanta wa Kawu a hankali shi ne maganar ruwa. Ka ga dusar ƙanƙara a kan duwatsu, ka ɗauka ƙasar damina ce. Ina! Tsaunukan suna tare hadari, ruwan saman da tsakiyar kwarin ke samu a shekara bai kai milimita 500 ba, ko mu mun fi su. Gangaren da ke kallon rana ƙeƙasasshe ne. Amma tun ɗaruruwan shekaru suka haƙa ƙananan magudanai a jikin duwatsu, Waal suke kiransu, suna jawo narkakkiyar ƙanƙara zuwa gona, kowa da ranarsa da sa'arsa, kamar rabon ruwa a lambu. Akwai mai gadin magudanar, kuma an kafa masa 'yar ƙararrawa da ruwan ke kaɗawa. Muddin tana ƙara, lafiya lau. Ta yi shiru, ya san an samu toshewa, ko tsakar dare ne zai tashi. Yau galibi bututu da famfon feshi ake amfani da su, amma wasu magudanan suna aiki. Da wannan ruwa suka mai da kwarin lambun tuffa, ka yi ta tafiya sa'o'i tsakanin layuka, rassa har suna leƙowa kan hanya. Ba a tsinka, taubashi. Na maimaita: ba a tsinka. A wasu wurare manomi zai ajiye tebur da kwalaben ruwan tuffa da akwatin kuɗi, ya tafi aikinsa. Ka ɗauka, ka saka kuɗin da kanka. Da kai ne mai tsaron wannan akwati, da tuni ka ranta wa kanka.

Laas na wuce ta da sauri, garin farin dutsen marmara, har daɓen gefen titi da shi suka yi.

Kada ka ce duk ragwanci ne a nan. Daga garin Prad akwai hanyar da ta hau tsaunin Stelvio, mita 2,757, mai kwana 48, kowace da lambarta a jikin dutse, an gina ta tsakanin 1820 da 1825. Sau ɗaya a shekara, ƙarshen rani, ake hana motoci hawa, dubban masu keke su cika ta, har da masu furfura. Na ɗaura niyyar bana in sha Allahu. Kai da ka taɓa hawa Dala ka kwana biyu ana gasa maka ƙafa, zan aiko maka da hoto daga kwana ta 48, ka gani daga kan tabarma.

Wajen Naturns na tarar da wani dattijo da matarsa a gefen hanya, tayarsu ta sace, suna ta juya keken ba su san ta inda za su fara ba. A nan ba a cika yin faci ba, sabon tub ake sakawa a jefar da tsohon, su kuma ba su riƙo ba. Na ciro tub ɗin, na hura, na tsoma shi a ruwan magudana har kumfa ta nuna ramin, na goge, na shafa gam, na jira ya sha iska kamar yadda Kawu yake cewa a jira, sannan na manna. Dattijon ya tambaye ni makarantar da na koyo. Na ce masa gindin darbejiya, a Katsina, wurin kawuna. Ya sa na rubuta masa sunan garin a takarda. Ka gaya wa Kawu wannan, kada ka rage komai, kada kuma ka ƙara cewa kai ka koya mini.

Na shiga Merano bayan la'asar, na yi salla a bakin kogi.

Sai saƙo. Keken Kawu, Ralin da ke zaure, kada ka kuskura ka ba 'yan gwangwan. Ƙarfensa ya fi na rabin kekunan shagonmu. Na tura kuɗin taya biyu da tub da sabon cen, amma hannun Kawu za su shiga, ba naka ba. Ka wanke shi da kananzir, ka sa mai, ka ɗaure birkin baya, ka sauke sirdin don babban ɗanka ya riƙa zuwa makaranta da shi. Ƙararrawar tana cikin gwangwanin kusoshi, a saman taga.

Ka gaishe da Goggonka, ka ce mata ina sa rigar sanyi. Ka gaishe da mai ɗakinka, Allah ya ƙara mata haƙurin zama da kai.

Naka,
Ɗan Goggonka